Yadda ake nemo takardun gado daga ofishin magatakardan gunduma a Amurka

Idan mutum ya rasu a Amurka ya bar gida, fili ko kuɗi a banki da sunansa shi kaɗai, galibi sai dukiyar ta bi ta kotu kafin ta isa hannun magada. Duk takardar da aka shigar a wannan shari'a tana taruwa a fayil ɗaya: wasiyya, sunayen magada, lissafin dukiya, basussukan da ake bin mamacin, da hukuncin rabo. A mafi yawan jihohi wannan fayil a buɗe yake ga jama'a. Ba sai kai magaji ne ba, ba kuma sai ka faɗi dalilinka ba.

Wahalar tana wajen gano inda fayil ɗin yake. Sha'anin gado na jihohi ne, ba na gwamnatin tarayya ba, kuma takardun suna warwatse a gundumomi sama da 3,000. Babu wata ma'ajiya guda da ta tara su. Shafin PACER da mutane ke fara garzayawa na kotunan tarayya ne, ba za ka ga shari'ar gado a cikinsa ba. Haka dokar 'yancin samun bayanai ta tarayya, wadda ake kira FOIA, hukumomin gwamnatin tarayya ta shafa, don haka ambatonta a wasiƙar da za ka aika wa kotun gunduma ba ya ƙara maka komai.

Wace gunduma?

Ƙa'idar ita ce ana buɗe shari'ar a gundumar da mamacin yake zaune zama na dindindin a lokacin rasuwarsa. Ba inda ya cika ba, ba inda aka binne shi ba. Mutum yana iya zama a wata gunduma, a kai shi babban asibiti a wata, ya rasu a can. Takardar shaidar rasuwa tana nuna wurare biyun daban, kuma layin da ke nuna mazauninsa shi za ka bi. Inda ake samun ruɗani shi ne wanda ya yi shekarunsa na ƙarshe a gidan kula da tsofaffi, ko a wajen ɗansa a wata jiha. A irin wannan hali ka duba gundumomin biyu, ka fara da wadda gidansa na asali yake.

Sanin sunan birni bai isa ba. Mafi yawan Houston yana gundumar Harris, amma akwai unguwanninsa a Fort Bend da Montgomery. Atlanta ta rabu tsakanin Fulton da DeKalb. Birnin New York gundumomi biyar ne, kuma sunayensu a kotu ba lallai su zama waɗanda aka saba ji ba: Brooklyn ita ce gundumar Kings, Manhattan ita ce gundumar New York, Staten Island ita ce Richmond, sai Queens da Bronx da suka riƙe sunayensu. Birnin Baltimore daban yake da gundumar Baltimore, kowanne da ofishinsa, haka ma St. Louis. A Virginia akwai birane 38 da ba sa ƙarƙashin kowace gunduma, da yawansu kuma da kotunansu. Lambar aika wasiƙa ta unguwa ma ba abin dogaro ba ce, domin tana iya ƙetare iyakar gunduma. Ka sa cikakken adireshin gidan a shafin ofishin tantance harajin kadarori na gundumar da kake zato. Idan gidan ya fito a rajistarsu, ka dace.

Idan mamacin yana da gida ko fili a wata jihar daban, akwai yiwuwar an buɗe ƙaramar shari'a ta biyu a gundumar da kadarar take, saboda kotun wata jiha ba ta da ikon sauya mallakar ƙasa a wata. Wannan fayil na biyu yakan ƙunshi kwafin wasiyyar da aka tabbatar a na farko, shi ya sa yake ceton mai nema idan na farkon ya yi wuyar samu.

Wane ofishi?

Nan ne mutane suka fi ɓata lokaci, domin ba a kowace jiha magatakardan gunduma ke riƙe da takardun gado ba. A Texas shi ke riƙe da su, amma a kula, yawancin gundumomi suna da magatakarda biyu, County Clerk da District Clerk, kuma na farkon ne naka. A New York magatakardan gunduma ba ruwansa; kowace daga cikin gundumomi 62 tana da kotun gado ta musamman mai suna Surrogate's Court. A Pennsylvania da Maryland ofishin Register of Wills ake zuwa, kotun kuma sunanta Orphans' Court. A Kalifoniya sashen gado ne na Superior Court, a Florida magatakardan Circuit Court, a North Carolina magatakardan Superior Court, wanda shi da kansa ne alƙalin gado. Massachusetts tana da Probate and Family Court. Mississippi tana kai sha'anin Chancery Court. Connecticut ba ta bin gunduma kwata-kwata, tana da yankunan kotun gado nata, a Rhode Island kuwa kowane gari ne ke da tasa kotun. Louisiana ba ta cewa gunduma, parish take cewa, shari'ar gado kuma succession, don haka da waɗannan sunaye za ka bincika.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka shiga shafin sashen shari'a na jihar, ka bi shi zuwa kotun gundumar. Ka guji shafukan 'yan kasuwa da ke fitowa a saman sakamakon bincike suna alkawarin nemo maka bayanan kotu da kuɗi. Abin da suke sayarwa galibi kyauta ne a shafin kotu, nasu ma ya tsufa.

Binciken suna da samo lambar shari'a

Lambar shari'a ita ce mabuɗin komai. Da ita ma'aikaci zai ɗauko fayil cikin mintuna. Ba tare da ita ba sai ka biya kuɗin bincike, ka kuma jira. Manyan gundumomi suna da fihirisa a intanet. New York tana da WebSurrogate, Maryland tana da shafin binciken fayilolin gado na duk jihar, Massachusetts tana da MassCourts. A wasu wuraren za ka ga hoton takardun kansu, a wasu jerin sunayensu da ranakun shigarwa kawai. Ƙananan gundumomi da dama ba su da komai a intanet, sai waya ko wasiƙa ko zuwa da ƙafa.

Fayil ɗin yana ɗauke da sunan mamaci, ba na magaji ko na lauya ba. Ka fara da sunan ƙarshe, sannan na farko. Idan bai fito ba, kada ka yanke cewa babu. Sunan da ya zo daga wani harshe yana shan wahala a hannun masu shigar da bayanai: Muhammad yana iya zama Mohammed ko Mohamed, Abdullahi ya rasa harafi ɗaya, sunan uba da na kaka su musanya wuri, mace kuma ta bayyana da sunan mijinta ko na mahaifinta. Ka rubuta haruffa uku ko huɗu na farkon sunan kawai, ka bar na'urar ta kawo duk masu kama da shi. Game da shekara, ka faɗaɗa. Ana iya buɗe shari'a makonni kaɗan bayan rasuwa, ana kuma iya jinkirtawa har sai an zo sayar da gida an ga sunan mamaci ne a kan takardar mallaka. A Texas, misali, doka ta ba da shekara 4 a gabatar da wasiyya a kotu.

Sai ka duba daga wace shekara fihirisar ta fara. Da yawa ba su wuce shekarun 1980 ko 1990 ba, abin da ya gabaci haka yana cikin manyan littattafai ko fim ɗin adana takardu a ofis.

Jerin takardu kafin kwafi

Shawarar da ta fi kowace amfani ita ce wannan: kada ka ce a kwafa maka fayil gaba ɗaya kafin ka ga jerin abin da ke ciki. Kowace shari'a tana da rajistar da ke nuna takardun da aka shigar ɗaya bayan ɗaya da ranakunsu, wadda kotuna ke kira docket ko register of actions. Shafi ɗaya ne ko biyu. Fayil ɗin ƙaramin gado yana iya zama shafi 20, wanda aka yi rigima a kansa ya haura ɗaruruwa, kuma rabinsa shaidar aika wasiƙu ne da sanarwar ɗage zama.

Wanda ke son sanin su wa aka lissafa a matsayin magada, takardar buɗe shari'a zai nema. A nan mai shigar da ƙara ke rantsuwa kan ranar rasuwa, mazauni, ƙiyasin dukiya, da sunaye da adireshin dangi. Sau da yawa ta fi wasiyyar kanta faɗin gaskiyar iyali, domin wasiyya tana ambaton wanda mamaci ya so ne kawai, ita kuwa wannan dole ta kawo duk wanda doka ta ce a sanar. Idan akwai ɗa ko mata a wata ƙasa da ba a sa sunansu ba, a nan za a gani.

Wasiyyar kuma a nemi ta tare da duk ƙarin da aka yi mata daga baya, da umarnin alƙali na amincewa da ita. Kasancewar wasiyya a fayil ba ya nufin kotu ta karɓe ta. Ana iya ajiye biyu, a amince da ɗaya.

Takardar da bankuna da kamfanonin inshora suka fi tambaya ita ce ta ba da iko. Idan akwai wasiyya, kotu tana ba wasiyyi takarda mai suna Letters Testamentary. Idan babu, tana naɗa mai kula da dukiyar ta ba shi Letters of Administration. Ita ce shaidar cewa wane ne ke da hurumin taɓa dukiyar. Wasu kotuna ba sa ba da sabon kwafinta mai hatimi sai ga wanda aka naɗa ko lauyansa.

Bayan waɗannan akwai lissafin kadarori da ƙimarsu, da'awar masu bin bashi, bayanin shiga da fitar kuɗi, da hukuncin rabo na ƙarshe. Magajin da ke zargin an tauye shi, bayanin shiga da fita ne zai karanta layi-layi, ya gwada shi da lissafin kadarorin farko.

Ba duka ne a buɗe ba. A Florida lissafin kadarori da bayanin kuɗi sirri ne, sai wanda ke da haƙƙi a gadon. Kusan ko'ina ana ɓoye lambar shaidar mutum ta gwamnati da ake kira Social Security number da lambobin asusun banki, takardar shaidar rasuwa da ta haraji kuma ana taƙaita ganinsu a wurare da yawa. Fayilolin riƙon marayu da na masu taɓin hankali, duk da cewa kotu ɗaya ce ke riƙe da su, suna da tsauri fiye da na gado. Idan kana cikin magada ka faɗa, ka haɗa da kwafin katin shaidarka da abin da ke nuna dangantakar.

Irin kwafi da kuɗinsa

Kwafi iri uku ne, kuma kuskuren zaɓi yana sa a biya sau biyu. Na farko kwafi ne zalla, ya isa ga wanda karatu kawai yake so. Na biyu mai hatimi ne, wato magatakarda ya sa hannu ya shaida cewa daidai yake da na asali. Shi banki, ofishin rajistar filaye da hukumar motoci ke karɓa. Na uku mai shaida uku ne, wanda kotuna ke kira exemplified: magatakarda ya shaida takardar, alƙali ya shaida cewa magatakardan na gaske ne, magatakarda ya sake shaida alƙalin. Wannan ake buƙata idan za a shigar da wasiyyar a kotun wata jiha. Kafin ka biya ko sisi, ka tambayi wanda zai karɓi takardar wane iri yake so, kuma hatimin ya kasance na yaushe. Bankuna da dillalan hannun jari da yawa ba sa karɓar takardar ba da iko da hatiminta ya wuce kwana 60, domin kotu tana iya sauke wasiyyi a tsakani.

Galibi dokar jiha ce ke yanka kuɗin, kuma bambancin ba kaɗan ba ne. A Texas dala 1 ne kowane shafi, sai dala 5 na hatimi. A Florida dala 1 kowane shafi, dala 2 na hatimi. A Kalifoniya shafi santi 50 ne, amma hatimi dala 40 kan kowace takarda, mai shaida uku dala 50, kuma idan binciken ya ɗauki ma'aikaci fiye da minti 10 akwai dala 15. A New York kwafi mai hatimi dala 6 ne kowane shafi, saboda haka wasiyya mai shafi 15 za ta ci dala 90. Waɗannan kuɗaɗe suna canjawa, a duba jadawalin kotun kafin a aika.

Idan takardar za ta fita Amurka, hatimin kotu kaɗai bai isa ba. Ga ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Hague ta 1961, ofishin sakataren jihar da kotun take ne zai manna mata shaidar apostille, wato takardar da ke tabbatar wa wata ƙasa cewa hatimin na gaske ne. Ga waɗanda ba sa ciki, hanyar ta fi tsawo: sakataren jiha, sannan ma'aikatar harkokin wajen Amurka, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta. A duk tsawon wannan tafiya kada a cire ƙarfen da aka maƙale shafukan da shi don a ɗauki hoto. Da zarar an ga alamar an ɓalle an mayar, ana iya ƙin karɓar takardar, sai an sake daga farko.

Rubuta buƙatar

Idan kotun tana da fom nata, shi za a cike. Idan babu, gajeriyar wasiƙa da Turanci ta isa. A sa cikakken sunan mamaci da duk wata siga da aka san ana rubuta shi, ranar rasuwa, adireshinsa na ƙarshe, lambar shari'a, sunan kowace takarda da ranar shigar da ita kamar yadda rajista ta nuna, irin kwafin da yawan da ake so, sai adireshi da imel da lambar wayar mai nema. Ranar rasuwa a rubuta watan da haruffa, domin a Amurka wata ake fara sawa kafin rana, 3/4 a wurinsu 4 ga Maris ne. Ba a buƙatar tarihin iyali ko labarin rigimar gado. Ma'aikacin yana da tarin buƙatu a gabansa, wadda ta fito fili ita yake fara sallama.

Biyan kuɗi shi ne inda buƙatun da ke zuwa daga nesa suka fi maƙalewa. Ofisoshi da yawa suna karɓar kati ta intanet ko ta waya tare da ɗan ƙarin caji. Wasu har yanzu sai cakin banki ko takardar kuɗi ta gidan waya, da dalar Amurka, daga bankin Amurka, kuma da ainihin sunan ofishin a kai. Idan adadin ya gaza ko da dala ɗaya, sukan mayar da komai. Shi ya sa ya fi kyau a fara aika imel ko a buga waya a tambayi yawan shafuka da jimillar kuɗi. Wasu kuma suna son a haɗa da ambulan mai adireshinka da kan sarkin Amurka a manne, abin da wanda ke wata ƙasa ba zai samu da sauƙi ba; a nan sai a nemi wani a can ya karɓa, ko a biya kamfanin aika saƙo tun da farko a tura musu takardar ɗauka.

Wanda zai je da ƙafarsa ya tambaya tukuna ko fayil ɗin yana ginin. Waɗanda aka rufe da daɗewa ana kwashe su zuwa ma'ajiya a wani wuri, dawo da su kuma yana ɗaukar kwanaki. A tambaya ko an yarda a ɗauki hoto da waya, domin wasu kotuna ba sa barin a shiga da ita ma. Ma'aikatan ofishin za su nuna maka fom, su gaya maka kuɗi, su faɗi abin da ke fayil, amma an hana su ba da shawarar shari'a. Tambayar ko kana da rabo, ko ya kamata ka ƙalubalanci wasiyya, ta lauya ce.

Idan ba a sami fayil ba

Rashin fayil ba ya nuna an ɓoye wani abu. Dukiya mai yawa ba ta bi ta kotu sam. Gidan da miji da mata suka mallaka tare bisa sharaɗin wanda ya rage ya gaje, asusun da aka rubuta sunan wanda za a biya bayan rasuwa, inshorar rai, kuɗin ritaya, da duk abin da aka sa a amana (trust, wato dukiyar da aka mayar hannun amintacce don ya riƙe wa masu amfana) tun mutum yana raye, kai tsaye suke wucewa. Ƙaramin gado ma yana da gajeriyar hanya. A New York idan dukiyar da ba ƙasa ba ba ta wuce dala 50,000 ba, a Texas dala 75,000 ban da gidan zama da kayan da doka ta keɓe, ana bin sauƙaƙƙen tsari, kuma sau da yawa fihirisar tana ajiye su ƙarƙashin wani rukuni daban. A Kalifoniya takardar rantsuwa ta ƙaramin gado banki ake kai wa bayan kwana 40 da rasuwa, ba ta shiga kotu, don haka babu abin da za a gani a can.

Sai a tambaya ko an ajiye wasiyya ba tare da buɗe shari'a ba. A Florida wanda ke riƙe da wasiyya dole ya miƙa ta ga magatakarda cikin kwana 10 da jin labarin rasuwa, a Kalifoniya cikin kwana 30, kuma rajistar waɗannan daban take. A duba ofishin rajistar filaye, a ga ko an sauya sunan gida da ta wace takarda. A duba jerin dukiyar da ba a zo karɓa ba a baitulmalin jihar, kyauta ne. Wanda ya rasu ba a san danginsa ba kuwa, a gundumomi da yawa wani jami'i mai suna Public Administrator ne ke karɓar dukiyarsa. Wannan bincike kuma shi ne maganin wasiƙun damfara masu cewa wani ya rasu ya bar maka gado: a tambaye su gunduma da lambar shari'a, a duba da kai a shafin kotun.

Tsofaffin fayiloli

Mai binciken asalin iyali yana da ƙarin abu biyu da zai kula da su. Na farko, iyakokin gundumomi sun sha canjawa, takarda kuma tana zama a gundumar da ke da iko a lokacin da aka shigar da ita. Gundumar Bronx sai 1914 aka kafa ta, abin da ya gabaci haka ba a can za a fara nema ba. Nassau daga Queens aka cire ta a 1899. Laburaren Newberry da ke Chicago yana da taswirar tarihin iyakokin gundumomi a intanet, tana nuna wace gunduma ce ke da wuri a kowace shekara. Na biyu, gobara ta cinye da yawa: ta Chicago a 1871 ta ƙone takardun gundumar Cook, girgizar ƙasa da gobarar 1906 suka yi haka a San Francisco, gundumomin Virginia da dama kuma sun rasa nasu a gobarar 1865 ta Richmond, babban birnin jihar.

Abin da ya tsira sau da yawa ya koma ma'ajiyar tarihi ta jiha, kuma FamilySearch, shafin binciken asalin iyali, ta ɗauki hoton littattafai masu yawa ana dubawa kyauta. A nan a bambance littafin wasiyyoyi, wanda akawu ya kwafa da hannunsa, da ƙunshin takardun asali. Akawu yana tsallake layi, yana ɓata suna, kuma rasit da wasiƙun magada ba sa shiga littafin. A nemi ƙunshin a duk inda yake. Ga Baƙaƙen fatan Amurka masu neman kakanninsu, waɗannan fayiloli suna da nauyi na daban, domin kafin 1865 lissafin kadarorin masu bayi yana kawo mutanen da aka bautar da sunansu na farko, wani lokaci da shekarunsu da sunan uwa, a zamanin da ƙidayar jama'a ba ta rubuta sunayensu.

Idan shari'ar tana gudana

Magajin da ya tarar ba a rufe shari'a ba kada ya tsaya a karɓar kwafi. Jihohi da yawa suna ba mai haƙƙi damar shigar da buƙatar a riƙa sanar da shi duk abin da aka shigar. A Kalifoniya fom DE-154 ne. Kuma lokacin ƙalubalantar wasiyya gajere ne: kwana 120 a Kalifoniya daga ranar da kotu ta amince da ita, wata 3 a Florida daga isar sanarwa, shekara 2 a Texas. Jiran kwafi ta gidan waya ba ya tsayar da wannan ƙidaya. Da zarar rajista ta nuna ranar amincewa da wasiyya, a lissafa kwanakin da suka rage, a tuntuɓi lauyan gado mai lasisin aiki a wannan jiha tun takardun suna hanya.